Girman da Ya Kori Yaya

Duk wanda ka tambaya a garinmu me ya sa yayana ya bar ƙasar nan ya tafi Saudiyya, zai ce maka kuɗi. Masu sonsa su ce ai kowa ya ji ƙamshin riyal sai ya bi. Masu hassada su ce gwamnati ta yi masa karatu kyauta, ya share baki ya gudu. Wata malamarmu ta sakandare kuma, da na ba ta labari, ta girgiza kai ta ce haka ƙasar nan take, ba a san darajar mai ilimi ba, sai a yi ta wulaƙanta shi har ya tattara ya tafi. Duk cikinsu ba wanda ya faɗi daidai. A gidanmu aka yi abin nan, rabinsa ina hutun makaranta, ƙarshensa kuma na gama ina zaman jiran sakamako. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta Yaya ko sau ɗaya. Girma muka ba shi. Muka ba shi, muka ƙara, muka sake ƙarawa, har ya rasa inda zai sa ƙafa ya yi aikin da ya karanto.

Garinmu yana bakin gulbi tsakanin Gummi da Bukkuyum. Baba manomi ne, yana da shanun huɗa da yake ji da su fiye da rigunansa. Yaya shi ne ɗan fari, kuma shi ne mutum na farko a garin da ya taka jami'a. Shekarun da ya yi a Zariya, abu ɗaya mutane suka riƙe: in ya gama za a kira shi Dakta. Ba wanda ya tambaya Daktan me.

Ranar da ya dawo an yanka raguna, an yi kiɗa, maroƙa sun ci kasuwarsu. Washegari da sassafe na fito shara na tarar da tsofaffi sun cika zaure har waje. Wannan ta riƙe gwiwa, wancan ya ɗaure ido da tsumma, wata tana tari kamar za ta amayar da huhu. Yaya ya fito ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Iyayena, ku yi haƙuri, ni likitan dabbobi ne. Ciwon shanu da awaki da jakai na karanta."

Tsofaffin suka kalli juna. Can wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta miƙo masa ƙafa ta ce, "To ai ni ma haƙorana sun zube, ganye ni ka ci. Duba ni hakanan, ka ɗauka akuya ta."

Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Amma Baba bai yi ba. Da aka watse ya kira shi bakin turke ya ce, "Duk shekarun ga da kay yi Zariya, saniya kak karanto?"

"Ita, Baba."

"Saniya wagga da Bahillace ka kiwo bai taɓa shiga aji ba?"

"Ita dai."

Baba ya daɗe yana shafa tozon wani sa, sannan ya ce, "To, Allah shi sa albarka."

Kawu ne ya samo mafita. Kawu yayan Inna ne, mutumin fada, kullum yana gefen hakimi, kuma ba a ɗaura aure ko a raba gado a garin bai sa baki ba. Ya ce, "Mi na abin damuwa? Dakta dai Dakta na. In baƙo yat tambaya, ku ce Dakta, ku tsaya nan."

Aka ba Yaya aiki a asibitin dabbobi na yankinmu, aka ba shi babur. Ban taɓa ganin mutumin da aiki ya yi wa daɗi kamarsa ba. Yana idar da sallar asuba zai zura dogon takalmin roba, ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya nausa rugagen wajen Gwashi, wani lokaci har ya ɓulla ta Anka. Da farko Fulani ɓoye masa shanu suke yi. An daɗe da soke jangali, harajin shanu, amma a wurinsu duk ma'aikacin da ya tsaya yana kallon garke ƙirga yake yi. Yaya bai yi musu gardama ba. Ya zauna musu a tabarma, ya sha nono, ya koyi Fulatanci suna yi masa dariya yana sakewa, har Arɗon wajen ya fara aiko masa da kansa. Da yamma zai dawo wando duk ƙarangiya, yana warin kashin shanu, yana fito da baki. Ana cin tuwo yana ba da labarin tsutsar hanta da yadda take bi ta jikin katantanwar fadama ta shiga saniya, sai Inna ta ɗaga murya daga madafa ta ce, "A ce ma wancan mutane na cin abinci." Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari.

Wani hutu ya kai ni asibitin ya ɗiga jinin wata saniya a kan ɗan gilashi, ya sa a madubin duba ƙwayoyin cuta, ya ce in leƙa. Na leƙa. Ga wasu 'yan siraran abubuwa suna wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini kamar kifi cikin ciyawa. Ya ce, "Sammore ke nan. Shi ke ramar da saniya har ta faɗi." A makaranta an zana mana wannan abin a allo da alli, na haddace sunansa na Turanci na ci jarrabawa, ban taɓa yarda yana da rai ba sai ran nan. Na koma makaranta na cika wa 'yan ajinmu kunne da labarin yayana har suka sa mini suna ƙanwar shanu. Ban ji haushi ba.

Abin ya fara lalacewa ne wata ranar kasuwa. An yi ɗaurin aure a gidan wani attajiri, Yaya ya je da babbar rigar shadda da Kawu ya ɗinka masa, suna dawowa cikin ayarin manyan gari, hanya ta bi da su ta gefen kara, inda ake cinikin shanu. Ni ina nan kusa, Inna ta aike ni sayen man shanu wurin matan Fulani. Sai ga wani makiyayi ya ratso jama'a a guje ya zube gaban Yaya. Karsanarsa ce take naƙuda tun safe, haihuwar fari, ƙafafun maraƙi sun leƙo amma ya ƙi fitowa, ta gaji ta kwanta, mahauta har sun fara kewaya ta suna taya ta a wulaƙance.

Yaya bai ko dubi Kawu ba. Ya cire hula ya miƙa wa wanda ke kusa, ya tuɓe babbar riga, ya tuɓe 'yar ciki, ya ce a kawo ruwa da sabulu. Ya kwanta rub da ciki a cikin taɓon kara, ya zura hannu cikin karsanar har kafaɗa. Kuncinsa yana manne da ƙugunta, ya rufe ido kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ya ce kan maraƙin ne ya lanƙwashe ya koma baya. In ta yi nishi sai ya tsaya, jijiyoyin wuyansa su tashi, in ta saki sai ya ƙara turawa. Kara duka ta bar ciniki ta zo kallo. Aka daɗe. Sannan ya ce a ba shi igiya, ya ɗaura a ƙafafun, ya ce wa makiyayin, "Ja ƙasa-ƙasa, sai na ce." Maraƙin ya sulɓo kamar jiƙaƙƙen zane, ba ya motsi. Wani dillali ya ce, "Ya mutu." Yaya ya kwashe masa majina a baki da hanci, ya tsinko kara ya sosa masa cikin hanci, ya yi ta murza masa haƙarƙari da ciyawa. Sai maraƙin ya yi atishawa, ya girgiza kunne.

Kara ta ɗauki kabbara. Makiyayin ya kama hannun Yaya da duk ƙazantar da ke jiki ya yi ta godiya. Ni kuwa ban san lokacin da na dire ƙwarya na rangaɗa guɗa ba, budurwa, a tsakiyar kasuwa. Na sha faɗa a kan wannan, kuma ko yau aka sake zan sake.

Ina cikin guɗar na ga Kawu ya ratso da rigar nan a buɗe, ya yafa wa Yaya ita tun daga ka, ya tura shi gaba yana kare shi da jikinsa, yadda ake yi wa mahaukacin da ya tuɓe a kasuwa.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa labari ya kai garin da ke ƙetaren gulbi. Mu da su tun kakanni ba ma barin juna da tsiya. Dillalansu suka fara: "Ina ungozomar shanunku? Akuyata na naƙuda, a hwaɗa mai shi taho da sabulu nai." A fada ma wani baƙo ya taɓa Kawu da maganar, aka yi dariya. Ran nan Kawu ya zo gidanmu bai ko tsaya gaisuwa ba. Ya zauna da Baba da Yaya a zaure, ni ina bayan ƙyaure da butar shayi, kuma ban yi gaggawar shiga ba.

Kawu ya ce, "Ɗana, kai ɗaya mu ka da. Mutanen ƙetare na da alƙali, suna da ɗan majalisa. Mu in anka ce ina naku, sai mu nuna mutum kwance cikin kashin shanu ba riga?"

Yaya ya ce, "Kawu, da ban kwanta ba, da uwa da ɗa duk sun tahi."

"Sai a yanka a saida nama! Saniya ta. Mutunci hwa, ana yanka shi a saida?"

"Aikin ke nan, Kawu. Shi aka koya mini."

"Aikin yaranka na. Kai ka tsaya tsaye ka nuna da sanda, su su duƙa. Ka taɓa ganin hakimi da tsintsiya?"

Baba bai ce uffan ba. Amma na san shirun Baba, wannan na goyon bayan Kawu ne.

Daga nan aka shiga girmama Yaya ba ji ba gani. Aka ajiye benci a ƙofar gidanmu, kullum da mutanen Kawu a kai. Ya fito da jaka a karɓe masa, ya nufi babur a riga shi turawa. Makiyayi in ya zo da sassafe sai a tare shi tun daga nesa a ce Dakta na ganawa da baƙi, a tura shi wurin malamin allura, ƙaramin ma'aikacin asibitin dabbobi. Kuma ba a yin taro babu shi. Buɗe sabuwar rijiya, rabon kyauta a firamare, wasan ƙwallo tsakanin unguwanni, duk sai an zaunar da shi a sahun gaba, a miƙa masa lasifika ya karanta jawabin maraba da Turanci. Ba mai jin abin da yake faɗa, amma in ya kai aya sai tafi ya tashi. Ba zan yi ƙarya ba, Turancin Yaya yana da daɗi, ni ma ina kumbura in na ji. Mutanenmu ba mugaye ba ne. Sun yi shekara da shekaru ana zuwa daga wani wuri a karanta musu takarda a tafi, yau ga ɗansu yana karantawa.

Duk da haka yana zillewa ya tafi daji. Sai Kawu ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Lokacin siyasa ne, kowa yana da wanda ya sani a sama. Dattawan gari suka yi shawara ba da saninsa ba, suka ɗauki shatar mota, suka sa rigunan sallah, suka tafi Sakkwato gaishe da manya. Abin da suka roƙa ɗaya ne: ɗansu mai ilimi yana wahala a daji kamar wanda ba shi da gata, a dube shi. Aka kuwa dube shi. Ba a daɗe ba aka ƙara masa girma. Aka karɓe babur aka ba shi mota da direba. Aka ba shi ofis mai kafet da fanka, da masinja a bakin ƙofa, da 'yar ƙararrawa a kan tebur. Aikinsa ya koma sa hannu da zaman taro.

Bikin da aka yi ya fi na ranar dawowarsa. Ya tsaya yana murmushi yana karɓar barka har fuskarsa ta gaji. Da la'asar na kai masa ruwa ɗaki na same shi zaune a bakin gado da rigar bikin.

Ya kira ni da sunan tsokanar da ya sa mini, ya ce, "Sarkin baki, kin ga abin da sunka yi mini?"

Na ce, "An ƙara maka girma."

"An ɗaure mini hannuwa ta baya. Kuma in na yi kuka a ce ban da godiya."

"To ka ce ba ka so mana."

Ya dube ni kamar na ce ya tashi sama. "In ce wa dattawan da sunka yi tafiyar yini don ni ba na so?"

Ya zauna ofis. Ya yi ƙiba a ciki, ya rame a fuska. Ya daina ba da labarin tsutsa a kan tuwo, har Inna da kanta ta ce mini, "Tambayi wancan ko miyar ce ba ta yi mai ba." Ranar da ba aiki sai ya ari keken wani abokinsa ya sulale ruga kamar ɓarawo. Direban ne ya kai ƙara wurin Kawu, don shi ma ɗan gari ne, ya ce ana yi masa gori wai yana da mota maigidansa na yawo a keke.

Sai shekarar bushiya, annobar shanu, ta zo. Wanda bai ga bushiya ba bai san abin da ake cewa masifa ba. Saniya za ta tsaya hawaye na zuba, baki duk gyambo, miyau na dalala, sai zawo, sai ta faɗi. Bakin gulbi ya cika da mushe, ungulu ta ƙoshi har ba ta iya tashi. Na ga dattijon da ya shigo gari da sanda kawai a kafaɗa, ya zauna a gindin tsamiya, garkensa duk ya ƙare. Maganinta rigakafi ne, kuma allurar ba ta son zafi, sai cikin ƙanƙara. An turo ma'aikata daga nesa, suna ƙoƙarinsu, amma ba su san daji ba, ba su jin Fulatanci, kafin su gano inda ruga ta koma ƙanƙara ta narke. Yaya kuwa ya san kowane burtali, ya san wanda ya yi ƙaura da inda ya sauka.

Wannan karon bai nemi izinin kowa ba. Ya rufe ofis, ya karɓi babur a hannun wani ma'aikacinsa, ya ɗaure fulas ɗin ƙanƙara, ya shiga daji. Ya yi kwanaki ba mu gan shi ba, sai dai labari: ya kwana rugar wane, ya wuce ta wane. Da bakinsa ya shawo kan Arɗo aka tara garkunan da suka rage a wani fili kudu da Gwashi, abin da makiyayi ba ya yarda da shi lokacin annoba, don kowa gudun garken ɗan'uwansa yake yi. Sun yarda ne don shi ne.

A daidai ranar ne aka ce wani babban baƙo zai zo garinmu ya jajanta wa jama'a. Wa zai karanta jawabi? Aka tura direba ya ɗauko Dakta. Ya dawo shi kaɗai, ya ce Dakta ya ce a ba shugaban firamare ya karanta. Kawu ya tafi da kansa, ya dawo yana huci. Sai shi da dattawa suka zo wurin Baba. Ina tsaye suka ce masa gari zai ji kunya gaban baƙo, kuma ɗansa ne zai jawo. Baba ya sa hula ya shiga mota.

Abin da ya faru a filin Yaya ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce yana tsakiyar shanu da sirinji a hannu, ya ɗago ya ga Baba tsaye a bakin fili cikin rana. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Taho mu tahi, ka dawo." Ya ce ya duba layin shanun da ba a yi wa ba, ya duba Baba, ya ajiye sirinji.

Ya yi wanka ya sa shadda. Aka zauna a rumfa tun hantsi, baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Yaya ya karanta jawabi, aka tafa. Baƙo ya ce ya ji daɗi da ya ga garin yana da ɗa mai ilimi haka, Kawu ya duba mutanen ƙetare da aka gayyato ya gyara zaman rawani. Da Yaya ya koma daji washegari, filin ba kowa. Makiyaya sun jira, sun ga ba shi, wata saniya ta fara hawaye a tsakiyarsu, kowa ya kore nasa ya watse. Ƙanƙara ta zama ruwa, sauran allurar ta lalace.

Bai yi wa kowa faɗa ba. Bayan 'yan watanni wani abokin karatunsa da ke aiki a wata babbar gonar madara a Saudiyya ya zo hutu, suka yi magana. Yaya ya tafi Kano ganawa da masu gonar, ya dawo. Ni ya fara gaya wa.

Ya ce, "Kin san mi sunka tambaye ni? Saniya nawa na taɓa yi wa tiyata, da yadda nake yi in mahaifa ta fito. Tunda na dawo daga Zariya ba wanda ya tambaye ni abin da na iya."

Na ce, "Gudu za ka yi ke nan."

"Eh."

Ban zaci zai amsa haka ba, sai raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Da harajin mutanen nan aka yi maka karatu. Shanun Larabawa sun fi namu ne?"

"Ba su fi ba. Farar saniyarmu ta fi su haƙuri da hankali."

"To ka ajiye musu ofishinsu ka koma kan babur!"

"Shugabana zan iya ce wa a'a. Kawu, da ƙyar. Baba fa? Gobe ma in ya zo ya tsaya a bakin fili, ajiyewa zan yi in bi shi. Na san kaina. Can ba wanda ya san ɗan wane ne ni. In na kwanta a ƙasa ba mai jin kunya."

Na ce masa matsoraci. Ya ce ya ji. Har yau ban janye ba gaba ɗaya, amma kuma har yau ban ga wanda ya kai shi iya aiki ba, kuma masu gonar da suka zo daga wata ƙasa sun gane haka a zama ɗaya.

Na zaci gari zai yi fushi. Fushin bai kwana biyu ba, da aka tuna Saudiyya ita ce Makka. Kawu ya shiga gaya wa mutanen ƙetare cewa Daktanmu yanzu shanun ƙasa mai tsarki yake dubawa, su kawo nasu alƙalin a gwada. Masu saƙon zamzam da dabino da darduma suka cika zaure. Ranar tafiya Inna ta ɗaure masa kilishi da daddawa, ta fuskanci bango ta ce, "A ce ma wancan shi riƙa cin abinci." Arɗo ma ya zo da ƙwaryar nono, ya tsaya nesa da benci har Yaya ya hango shi ya je. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Mu dai ba mu kore ka ba."

Da ya aiko hoto, yana sanye da rigar leda da takalmin roba, kashin shanu har gwiwa, yana dariya duk haƙora a waje. Rabon da in ga wannan dariyar tun kafin ofis. Kawu ya juya hoton ya ce kada a nuna wa kowa, a bar na shaddar a zaure. Na karɓe shi na liƙa a ɗakina.

Farkon daminar da ta biyo baya, babban san Baba ya tsinke ya faɗa gona ya ci gyauron dawa. Kafin a ankara cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana nishi, harshe a waje. Malamin allura ya tafi Gummi. Aka ɗura masa kanwa, aka ɗura man gyaɗa, aka danna cikin da gwiwa, ba abin da ya sauka. Na taɓa jin Yaya yana cewa ana huda kwiɓin hagu iska ta fita. Na san haka, amma ban san daidai ina ba, ban san zurfin ba, ban san da me ba. Na tsaya ina kallon kwiɓin da ilimina na sakandare, ba abin da ya tsinana. Da aka ga zai tafi a banza aka kira mahauci.

Ana cikin fiɗa Kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, da Dakta na nan."

Na ce, "Da shina nan, Kawu, kai za ka riƙe mai riga, ko kai za ka hana shi tuɓewa?"

Inna ta yo kaina da muciya. Baba ya ce, "Ku ƙyale ta."

Bayan wannan ba da daɗewa ba sakamakona ya fito, kuma ya yi kyau. Kawu har ya fara lissafi: ko makarantar horon malamai in zama shugabar makaranta, ko aikin jinya in sa farar hula. Na sami Baba a bakin turke yana ba san da ya rage dusa, na durƙusa na ce ina son in tafi makarantar koyon aikin lafiyar dabbobi.

Ya ce, "Ɗiya mace?"

Na ce, "Baba, matan ruga su ka tatsa. Su ka fara ganin saniya ta canza, kuma ba su iya gaya wa baƙon namiji. Ni za su gaya mini. Kuma ni gari bai rataya mutuncinsa a wuyana ba. Ba mai nuna ni ga baƙi. In na duƙa ba wanda zai ce an zubar mai da girma, iyaka a ce ba ni da kunya, wannan kuwa an daɗe ana faɗa."

Ya ci gaba da juya dusa da hannu. Can ya ce, "Kin shawarci Kawunki?"

"A'a."

"Za ki shawarce shi?"

"A'a, Baba."

Bai ce na yi daidai ba, bai kuma ce kada in je ba, kuma na san shirun Baba, wannan karon ni yake goya wa baya. Na tashi na shiga ɗaki na fara haɗa kaya. Na yanke cewa kasuwar Gummi mai zuwa zan shiga mota in tafi neman gurbi, in na gama kuma wajen Gwashi zan nemi a turo ni. Kawu sai na dawo zai ji.